Lallen Iya a Farcena

Salamu alaikum. Wata huɗu ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu na cewa Habu ya shiryu. Ban shiryu ba, kwanciya na yi.

Da jiri abin ya fara. In na tayar da babur sai haki. Na ce shawara ce, na yi ta shan jiƙo.

Ranar kasuwar Maigatari na yanke jiki na faɗi. Abokaina suka yi ta dariya, don sun san halina, sun ɗauka wasa nake, sai da wani ya ja fatar idona ya ga fari fat.

A asibiti a Gumel aka ce zazzaɓin cizon sauro ya cinye mini jini. Yayana Sani ya sayar da ragonsa, ya kuma ba ni jini leda guda.

Likita ya ce, "Na yayanka aro ne, zai ƙare. Jiki kullum yana yin sabo. Naka muke jira mu ga ko zai tashi."

In bai tashi ba fa? Wallahi na ji tsoro.

Bayan sallama, duk sati ina komawa awo. A soki yatsa, a zuƙi jini a 'yar kwalba siririya kamar tsinke, a juya ta a inji, a auna tsawon jan. Ni allo na yi, ban san lambobinsu ba. Fuskar mai awon nake karantawa.

Rannan na farka daga barcin rana na ga babban yatsana naɗe. Aikin kakata ne, Iya Hajo, wadda na taɓa sa wa kwaɗo a buta.

"Iya, lalle? Ƙato da ni?"

"Ramuwa ce, angona. Ka riƙa duba gindin farcen. Ranar da fari ya ɓullo, ka san jikinka bai ajiye aiki ba."

Dariya take, amma idonta ya kawo ruwa.

Sati biyu ina dubawa. Sai ga shi, siriri kamar jinjirin wata. A awo na gaba mai awon ya yi murmushi. "Malam Habu, wannan kam naka ne."

Alhamdulillahi. Yaya Sani, likitoci, masu addu'a, Allah ya saka muku.

Jama'a, jiri da haki ba na jiƙo ba ne, a je a auna jini. A kwana a gidan sauro.

Ku sa Iya a addu'a. Yanzu ita ce gwiwa ke damunta. Ni ke kai ta asibiti a babur, a hankali, tana zagina duk hanya.