Hotunan da Ba a Karɓa Ba

Kawuna mai hoto ne. Shekara da shekaru yana bin kasuwanni a kan kekensa, daga Birnin Gwari har ƙauyukan Kuyello, yana ɗaukar manoma hoto ranar kasuwa ko bayan girbi. Wasu su zo su karɓi nasu, wasu kuma shiru. Waɗanda ba a karɓa ba ya tara su a akwatin ƙarfe. Da ya rasu aka ba ni akwatin, wai ni ce malamar makaranta, na iya adana takarda.

Nakan buɗe shi jefi-jefi. Ga motoci sun yi layi ana loda masara. Ga rumbuna reras a bayan gari. Ga mata sun fito daga daji da itace da ɗorawa suna dariya, ba mai rakiya. Yawancin garuruwan nan yau kufai ne. 'Yan bindiga sun tashe su, ciyawa ta cinye gonakin.

Da mutanen ƙauyuka suka gudo cikin gari, sai labarin akwatin ya bazu. Wata rana da hantsi wata dattijuwa ta yi sallama. Daga wajen Tabanni ta fito. An harbe mijinta a gona, an ƙone gidansu ƙurmus.

"Malama, an ce kina da hotunan mutanenmu. Jikokina suna tambayata kamannin kakansu, ni kuma fuskar ta fara ɓace mini."

Na shimfiɗa tabarma muka juye akwatin. Tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana faɗa mini: "Wannan a hanya aka kashe shi. Wannan sun shiga da shi daji, har yau. Wannan yana Kaduna yana gadi." 

Har azahar ba mu same shi ba. Can sai ta tsaya a kan hoton wasu maza suna bugun dawa. A gefe wani ya juya baya, sanda a ɗage.

"Shi ne. Ga ƙeyarsa, ga yadda yake karkata kafaɗa."

"Inna, kin tabbata?"

"Shekara arba'in ina kai masa abinci gona. Ta baya nake fara hango shi."

Na ba ta. Ta naɗe shi a ɗankwali, ta nemi buta ta yi alwala. Washegari ta dawo da mata huɗu. Biyu daga cikinsu ba su sami kowa ba.