Fuskokin da Mai Gilashi Ya Tara

Shagon Mai Gilashi ɗan tsut ne, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da katifa. Mai shiga sai ya karkace, don gilasai ne jingine dama da hagu. Tun yana saurayi yake wurin, yana yanka gilashin taga, yana yi wa hotunan iyali da takardun gama makaranta firam. Yatsunsa duk tabo ne. Matarsa kan ce ko garwashi ya ɗauka sai an gaya masa.

Amma abin da ya riƙe gidan aikin ofisoshi ne. Duk ranar da aka wayi gari rediyo na ta kiɗan soja babu labarai, maƙwabcinsa mai rediyo sai ya leƙo ya ce, "Mai Gilashi, kakarka ta yanke saƙa, an sake yi!" Kafin mako ya zagayo masinjoji sun fara zuwa, kowa da firam a hammata da hoton sabon shugaba a naɗe. Na makaranta, na asibiti, na gidan waya, har na bariki.

Yana da yadda yake aikinsa. In ya zare ƙusoshin baya ya ɗaga kwali, ba ya cire tsohon hoto. Sai ya ɗora sabon a gabansa ya mayar da kwalin. A ganinsa fuskar ɗan Adam ce, ko mai ita ya yi zalunci, ba shi ne zai jefa ta bola awaki su tattake ba. Hisabi na Allah ne. Ban da haka, tsohon yana tokare sabon, ba ya lanƙwashewa da damina. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don ba wanda ya taɓa tambaya.

Sau ɗaya aka kawo masa hoton farar hula, wanda jama'a suka zaɓa. Shi ma ya bi layi a wancan zaɓen, ya dawo yana nuna wa matarsa tawada a babban yatsa. Ba a daɗe ba sojoji suka ture mutumin, Mai Gilashi ya rufe shi da wani janar mai baƙin tabarau. Janar ya ce zaɓe bayan damina. Damina ta wuce, aka ce sai an sake rajista. Aka yi rajista, aka ce gari bai kwanta ba. Da aka sake ɗage zaɓen, ɗalibai da direbobi suka fito, aka ƙona tayoyi a bakin tasha, ma'aikata suka shiga yajin aiki. Sai aka yi shela cewa duk wanda aka samu da hoton hamɓararren shugaba, maƙiyin ƙasa ne.

Mai Gilashi ya ji shelar da kunnensa a shagon mai rediyo. Hankalinsa ya tafi kan 'yan hotunan da direbobi ke liƙawa a mota. Ko kaɗan bai kai kan aikin hannunsa ba.

Surukinsa, mijin Autarsa, akawu ne a ofishin ruwa, mutum mai sanyi wanda ko yajin ma tsoro ya hana shi shiga. Firam ɗin ofishin daidai kansa yake rataye. Ranar da sojoji suka zo duba waɗanda suka fito aiki, ɗayansu ya banko ƙofa, bango ya girgiza, firam ya faɗo. Dama ya yi ciki, ƙusoshin da ƙyar suke riƙe da kwalin. Gilashi ya tarwatse, hotuna suka baje a ƙasa, ga farar hula a sama yana murmushi. Nan take aka jefa akawu a mota.

Auta ta shigo gida da goyo, mayafi a hannu. "Baba, sun tafi da shi! Wai ya ɓoye hoton mutumin nan a bayan na janar. Shi da ko kalanda ba ya iya ratayawa!"

Mai Gilashi ya ajiye butar da ke hannunsa. Ya zaunar da ita da uwarta, ya gaya musu yadda yake barin tsofaffin hotuna a cikin firam.

Matarsa ta riƙe haɓa. "Malam, duk ofisoshin garin nan?"

"Duka."

"To, sannu da adana. Mu tsohon kwano ma cewa kake a yar, ashe shugabanni kake tarawa."

Mai rediyo da ya ji, ya jawo shi cikin shago ya rage murya. "Ka yi shiru. Yaro ne, za su ɗan taɓa shi su sake. Kai in suka taɓa ka, sai dai a kawo mana hularka."

"In ba su sake shi ba fa? Ni zan riƙa kallon yarinyar nan kullum?"

Da safe ya yi salla, ya sa wankakkiyar riga, ya jefa filaya a aljihu. Matarsa ta raka shi har bakin ƙofa. Ba ta hana shi ba, cewa kawai ta yi, "Allah Ya tsare."

A ƙofar bariki wani saje ya dube shi sama da ƙasa. "Tsoho, zaɓe ka zo tambaya? Ba a nan ake sayarwa ba." Aka bar shi a rana har azahar kafin a kai shi gaban kyaftin, wani matashi mai jajayen idanu kamar bai yi barci ba.

"Ranka ya daɗe, akawun da kuka kama bai san komai ba. Ni na sa hoton. Haka nake yi wa kowane firam."

"Kowanne?"

Mai Gilashi ya ɗaga ido ya dubi bango, bisa kan kyaftin. Firam ɗin da ke rataye a wurin aikin hannunsa ne. Har kusurwar da katakon ya ɗan tsage ya gane.

Kyaftin ya waiwaya. Ya tashi ya kori sojan da ke tsaye, ya murɗa makulli, ya sauko da firam ɗin da kansa. "Buɗe."

Filaya ta yi aikinta. Janar mai tabarau, farar hula, wani mai gashin baki, wani da ya yi fari har ba a gane shi sosai. Kyaftin ya tsaya yana kallonsu a kan teburinsa kamar an zube masa macizai.

"Wa ya sani?"

"Matata, da 'yata, da mai rediyo."

"Mai rediyo! Ka ce duk gari." Ya share goshi. "Za ka shiga mota da yarana, ofis-ofis, ka kwashe su tas. Ka kawo nan ka ƙona da hannunka. Ranar da ka gama, surukinka ya fita. In aka samu ko ɗaya daga baya, ɗakin da yake ciki zai ɗauki mutum biyu."

Haka aka yi. Kwana da kwanaki ana yawo da tsoho a bayan motar soja, yana hawa kujerun mutane yana sauko da firam, ma'aikata suna kau da kai. Da ya gama, aka tara hotunan a bayan bariki, aka miƙa masa kananzir da ashana. Ya durƙusa ya kife su ɗaya bayan ɗaya, fuska a ƙasa. Saje ya ce, "Tsoho, sallar gawa za ka yi musu?" Ya ci gaba da kifewa. Sai da ya kife na ƙarshe ya ƙyasta.

Da yamma aka saki akawu. Ya fito kunnensa na hagu ba ya ji, kuma bai sake ji ba. Ya zo gaisuwa, ya durƙusa daga nesa kamar kullum, ya ce, "Baba, an sha wahala." Mai Gilashi ya ce, "Ka yafe ni." Akawu ya juyo da ɗaya kunnen, sai da aka maimaita masa. Tun daga ranar, in suna tare, tsohon a damansa yake zama.

Bai bar sana'a ba, don da ita ake ci. Abin da ya sauya shi ne, yanzu yana cire tsohon hoto ya naɗe ya miƙa wa wanda ya kawo aiki.

Ana nan, wata safiya rediyo ya sake kama kiɗan soja. Mai rediyo ya leƙo, ya buɗe baki, ya ga fuskar maƙwabcinsa, ya koma. Sabon shugaban ya ce zaɓe bayan damina. Cikin masu kawo firam har da sajen nan, ya yi furfura a gemu. Mai Gilashi ya gama, ya naɗe janar mai tabarau ya miƙa masa.

Saje ya mayar da hannuwansa baya. Ya leƙa titi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Baba, ka bar shi a ciki mana. In an gan ni da shi a hanya fa? In kuma na yar, ya dawo fa?"

"Naku ne," in ji Mai Gilashi. Ya cusa masa shi a hammata, ya juya ya ɗauki gilashin tagar da ake jira.