Lauyar da Ta Mayar wa Inna Sunanta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, 12 ga watan Fabrairu, ina rumfa ina yankan sabulu aka bugo mini waya cewa Allah Ya karɓi ran Gwaggo Lauya, bayan doguwar jinya. Na ajiye wuƙar, na rasa ta inda zan fara gaya wa mahaifiyata. Ashe Inna ta riga ta gani a fuskata. Ta sauke ludayin da take juya tukunya da shi, ta zauna a kan bokiti tana salati.

Gwaggo, manyan lauyoyi za su faɗi aikin da kika yi a kwamitin da ya tsara dokar ciniki ta intanet, da yadda kika dage sai ta dace da ƙa'idojin ƙasashen duniya. Ni 'yar mai sabulu ce, maƙwabciyarki da ta tashi tana kiran ki Gwaggo. Abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Inna ba ta iya rubutu ba. Dangwale kuma ya gagare ta, domin sodar sabulu ta cinye zanen yatsunta tun ina goye. In ta dangwala, baƙin tabo kawai ke fita, ma'aikata su tura mata takardarta su ce ta zo da wani. Wanin nan kullum ƙanenta ne, Kawu. Shi ya sa hannu a hayar rumfa, shi ya sa a rajista. Inna ce ke shan tiriri da ƙuna, amma a takarda kamar ba a haife ta ba. In za ta je roƙonsa, sai ta zaɓi ranar da ya tashi da fara'a.

Ranar da wani kamfani na ƙasar waje ya ga sabulunmu a intanet ya aiko da kwantiragi, Inna ta yafa mayafi za ta gidan Kawu, kika tare ta a ƙofa, kika ce, "Ina zuwa kuma? Yaya, shi ke dafa miki sabulun?" Kika ja ta ofishinki, ɗakin nan mai fanka mai kuka da takardu har kan kujerun baƙi. Kika kai ta aka tantance ta, aka yi mata sa hannu na na'ura da sunanta. Da za ta zaɓi lambar sirri kika juya baya, ni ma kika kore ni waje. Wallahi na ji haushi a lokacin, ni da nake karanta mata komai! Kika ce, "Ke ma ba ki da hurumi. Nata ne."

Kawu ya ji labari, ya hau dokin zuciya, ya kai ƙara. Wai latsa waya ba sa hannu ba ne, kuma duk wata yarjejeniyar rumfar nan sai da shi. Kamfanin ya dakatar da komai har kotu ta yi magana. Katan-katan na sabulu suka taru har rufin rumfa. Inna ta daina cin abinci sosai, don ta san in Kawu ya yi nasara, har ta mutu ba za ta ƙulla komai da kanta ba.

A lokacin ciwo ya fara cin ki. Da sanda kika shigo kotu, rigar lauya ta yi miki yawa. Amma da kika buɗe baki, kai, muryar nan tana nan daram! Kika roƙi alƙali a kawo tawada. Inna ta dangwala, aka miƙa masa takardar. Kika ce, "Ya Mai Shari'a, tabon nan na wane ne? Zai iya zama nawa, zai iya zama na kowa." Sannan kika sa ta shigar da lambarta a waya, sunanta ya fito a allon kotu. Kika bayyana cewa doka abu biyu take nema a sa hannu: a san wanda ya yi, a san ya yarda. Kika karanto sashen da ya hana a ƙi sa hannu don kawai da na'ura aka yi shi, kika nuna ƙasar masu sayen ma haka dokarta take. Lauyan Kawu ya yi ta juya takardu yana gyaran murya.

Alƙali ya ce kwantiragin Inna yana nan da ƙarfinsa. Matan da muke sana'ar sabulu tare a rumfa suka ɓarke da murna har ɗan sanda ya tsawata mana. Inna ta rungume ki tana kuka, ke kuwa cewa kike, "Sake ni, Yaya, za ki karya ni!" Ladan aikinki sabulu kika karɓa, kuma duk haɗuwarmu sai kin yi mitar turaren ya yi yawa.

Ba ki tsaya nan ba. Ke kika taka har gidan Kawu kika yi masa faɗa irin na 'yar'uwa, har ya zo ya ba Inna haƙuri. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararki. Yau duk matan rumfarmu kowace da sa hannunta, sabulunmu kuma yana zuwa ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba. Kin tafi kin bar mu a tsaye, Gwaggo, kuma muna alfahari da ke.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki, da ɗalibanki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki baki ɗaya.

Ni na rubuta wannan. Da na gama karanta wa Inna, na ce zan aika da sunana, sai ta karɓe wayar ta ce in juya baya. Ita ta sa hannu, da kanta.