Ramuwar Baba Isiyaku Mai Gidan Wanka

A wani lungu na Jakara, inda ƙamshin kanumfari da warin kwata ke gaisawa kowace safiya ba tare da sun taɓa sabawa ba, akwai gidan wanka da bahaya mai ƙofa shida. Shekara talatin da ɗaya Baba Isiyaku ya yi riƙe da mukullansa. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa, kuma hannunsa na hagu yatsu uku gare shi. Sauran biyun zarto ya cinye tun yana saurayi yana koyon kafinta. Da sana'ar ta gagare shi, Alhaji Abdulbaƙi, wani ɗan kasuwar Kurmi da ya gina gidan wankan, ya kira shi ya danƙa masa wurin. Isiyaku ya yi aure sau biyu, Allah bai ba shi haihuwa ba. Bai taɓa yi wa kowa ƙorafin haka ba.

Ƙofa biyar na manya ne, maza da mata kowa da ɓangarensa. Ta shida ita ce ta sa aka san shi har Ƙofar Wambai.

Duk uwar da ta taɓa zuwa kasuwa da yaron da aka raba da kunzugu ta san tashin hankalin. Ana tsaka da ciniki zai ja mata hijabi ya ce fitsari, kuma fitsarin ɗan shekara biyu bai san kalmar jira ba. A gida yana da fo ɗinsa. A nan kuwa sai bakin masai, baƙi ƙirin, mai faɗin da ƙafafunsa ba za su iya haɗawa ba, yana huro iska daga ƙasa kamar wani abu na numfashi a ciki. Yaro ya leƙa sau ɗaya ya ƙanƙame uwarsa, kuka ya ɓarke, wando ya jiƙe.

Isiyaku ya ga haka har ya gaji da gani. Sai ya samo katakon maɗaci mai kauri, ya feƙe shi da yatsunsa takwas, ya huda ƙaramin rami a tsakiya, ya sassaƙa sawun ƙafa biyu 'yan mitsi-mitsi a gefe da gefe. Ya ɗora shi a kan masan ƙofa ta shida, ya ajiye 'yar buta wadda ko ɗan yaye zai iya ɗagawa. Idan uwa ta zo da goyo a baya da kaya a hannu, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, shi ya riƙe wa yaron hannu.

"To, sarkin yaƙi, da wace ƙafa ake shiga?" Sai ya ɗan taɓa masa gwiwar hagu. "Yauwa. Taka sawun. Tsuguna, ba a tsaye ba, kai ba jaki ba ne."

Yara da yawa a wannan katako suka fara sanin tsarki. Wasu yanzu suna da rumfa a Kurmi, suna da gemu, kuma idan sun wuce shi sukan gaishe shi da 'yar kunya a ido.

Da Alhaji Abdulbaƙi ya rasu, gidan wankan ya faɗa rabon ɗansa Abdulmalik, wanda ya dawo daga Abuja da hotunan banɗakunan otal a waya. Ya rufe wurin wata guda, ya kawo masu tayil. Ran da Isiyaku ya zo duba aiki, ya tarar ƙofa ta shida an mai da ita ma'ajiyar jarkoki. Ya tambayi leburori katakonsa. Ɗaya ya nuna masa babbar kwatar Jakara da haɓa. Can ya hango shi, an raba shi biyu, rabi ya maƙale a cikin ledoji, sawun ƙafa ɗaya yana kallon sama.

"Baba, ai zamani ya wuce wannan," in ji Abdulmalik, yana goge gilashin idonsa. "Yara su ke ɓata wuri. Kai ma ka huta haka nan, ka yi ƙoƙari. Ni zan zauna da kaina."

"Audu," in ji Isiyaku a hankali, "a kan katakon nan na riƙe ka. Har da majinarka."

Leburori suka tuntsire da dariya. Fuskar Abdulmalik ta ɗaure.

"Kawo mukullan, malam."

Malam. Ba Baba ba. Isiyaku ya kwance igiyar mukullan daga ƙugunsa ya ajiye a ƙasa, bai miƙa masa a hannu ba. Washegari aka kafa allo a ƙofa: An hana shiga da ƙananan yara.

Akwai fushin da ke tashi kamar wutar kara, akwai wanda ke kwanciya kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Na Isiyaku na biyun ne. Kwana tara yana zuwa ya zauna a bencin Mamman mai shayi, daidai tsallaken lungun, idonsa na kan sabon daɓen. Mutumin da ya share wuri shekara talatin ya san inda ruwa ke son zuwa fiye da yadda ya san hanyar gidansa. Ya lura masu tayil sun cire tsohon dokin ƙofa domin wurin ya yi kyan gani, sun kuma shimfiɗa daɓen ƙasa da lungu da kamar faɗin yatsa biyu. Duk abin da aka zuba a gindin bangon dama ta waje, to zai bi gangare a hankali, ya kwana kusurwa, ya shiga ya kwanta daidai inda maza ke tuɓe takalma su yi alwala.

Rana ta goma wata mata ta fito daga wajen Abdulmalik a fusace, tana jan ɗanta yana matse ƙafafu. Isiyaku ya miƙe.

"Kawo shi, 'yata."

Ya kai yaron gindin bangon dama, ya tsugunar da shi, ya zuba masa ruwa daga butar Mamman, ya ƙara zuba wani a ƙasa wai don tsabta. Ruwan ya ɗauki kayansa ya tafi inda aka aike shi.

Labari ya bazu cikin mata cewa Baba Isiyaku yana nan bai tafi ba. Kafin azahar yakan tsugunar da yara goma sha wani abu. Da lokacin salla ya yi, 'yan kasuwa su taho da sauri, su taka danshi da ƙafa ba takalmi, su tsaya su sunsuna. Mai shirin salla ba abin da yake gudu kamar najasa a bakin wando.

"Kai Abdulmalik, wannan ruwa ne ko me?"

"Ruwa ne, Alhaji, wallahi yanzu na goge."

"Ruwa mai zarni? Allah Ya sawwaƙe."

Abdulmalik ya sayo turaren wanke daɓe kala-kala. Ya goge da safe, ya goge da hantsi, hannunsa mai laushi ya fara tsagewa. Ya tsallako ya yi wa tsohon ihu, Isiyaku ya kurɓi shayinsa ya ce, "Allonka ya ce kada su shiga. Ka ga wanda ya shiga? Lungu kuwa ba a gadonka yake ba." Mamman ya sunkuyar da kai cikin tukunya don kada a ga haƙoransa.

Cikin mako uku manya suka koma wani gidan wanka da ke bayan masallaci, duk da nisansa. Abdulmalik ya zauna shi kaɗai a cikin farin tayil ɗinsa kamar mai gadin kabari. Isiyaku yana kallonsa, yana jin wani sanyi na sauka a ƙirjinsa, irin sanyin ruwan randa a watan azumi.

Bahijja ce ta dagula masa wannan daɗi. Mai ɗinkin hula ce daga Ƙofar Na'isa, takan kawo kaya Kurmi duk Laraba tare da ɗanta Jibrin, wanda ya fara koyo a kan katakon kafin a jefar da shi.

"Baba, zan faɗi magana, ka yi haƙuri," in ji ta. "Yaron nan da ka koya wa shiga da ƙafar hagu, jiya a bangon zauren surukina ya yi, gaban baƙi. Da na kama shi ya ce Baba Isiyaku ne ya ce bango. Faɗanku da ɗan Alhaji naku ne. 'Ya'yanmu ba tsakuwar jifa ba ne."

Jibrin yana leƙensa ta bayan zanenta, yana murmushi da haƙoransa 'yan ƙanana. Isiyaku ya mai da idonsa kan sabon daɓen. Ya san gaskiya ta faɗa, amma garwashin bai mutu ba, kuma bai yi niyyar ya tashi daga bencin nan da hannu wofi ba.

Allah Ya taimake shi, a ranar Abdulmalik ya gaji. Bayan la'asar ya tsallako cikin farar shadda gezna sabuwa dal, zai wuce ɗaurin aure, ya rusuna a gaban benci, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, na yi kuskure. Ka dawo. A buɗe ƙofa ta shida, a yi duk yadda ka ce."

Isiyaku ya bar shi a durƙushe har shayin hannunsa ya ƙare.

"Zan dawo. Amma wanda ya hana yara shiga shi zai fara shigar da su. Da hannunka, yanzu, mutane na gani. Bahijja, ara mana Jibrin."

Masu shago suka miƙe, masu dako suka ajiye kaya. Aka fitar da jarkoki. Abdulmalik ya tattare hannun riga, ya kama hannuwan yaron biyu, ya ja shi ciki da baya da baya, ya tsuguna daidai gabansa, gwiwa da gwiwa, yana lallashi.

"Yauwa ɗan ƙanena, yi mana, yi."

Isiyaku yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya. Kowace uwa a lungun ta san abin da shi ma ya sani: mai riƙe ɗa namiji a gefe yake tsugunawa, ba a gaba ba. Bahijja ta buɗe baki za ta yi magana, ya dube ta, ta mai da bakinta ta rufe da gefen hijabi.

Jibrin ya sha kunun aya kofi biyu a kasuwa. Ya yi abin da aka roƙe shi, da iyakar ƙarfinsa, tun daga aljihun geznar har zuwa bakin wando.

Ihu ya tashi har tantabaru suka watse daga kan rufi. Abdulmalik ya zabura zai saki yaron.

"Kul!" in ji Isiyaku. "Ba a sakin yaro bai gama ba, zai tsorata. Riƙe shi da kyau, Audu. Saura tsarki."