Kason Inna Kande

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar Talatar da na ɗaga ambulaf a jikin taga ba. Ku da kuka shigo aikin jinya jiya-jiya kuna kirana Tanti Safiya mai tsauri, wai ban san sassauci ba. To ku gyara zama ku ji inda na samo shi, don ba da shi aka haife ni ba.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, ina nas a sashen tiyatar mata na wani asibiti a unguwar Treichville. A wancan zamani idan mace ta zo da ciwon dajin nono, ba ƙullutun kaɗai ake cirewa ba. Sai an bi hammata an kwashe kaluluwar da ke ciki kakaf, domin ta nan cutar ke fara bi in za ta yaɗu. Aikin yana ceton rai, amma yakan bar baya da ƙura. Wata bayan 'yan watanni za ta dawo hannu ya kumbura ya yi nauyi kamar taɓarya, ko hannun riga ba ya shiga.

Sai Farfesa, shugaban sashenmu, ya shigar da mu gwajin wata sabuwar hanya. Ana yi wa mace allurar wani ruwa shuɗi kusa da ƙullutun. Ruwan zai bi hanyarsa ya rina kaluluwar farko da ya tarar, wadda likitoci ke kira santinel, wato mai gadin ƙofa. Ita za a cire a kai labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. In ba ta kamu ba, ana sa ran sauran ma lafiya lau suke, sai a ƙyale wa mace hammatarta. To amma a lokacin ba wanda zai dafa littafi ya rantse cewa hanyar ta kai tsohuwar aminci, shi ya sa ake gwajin. An raba matan da suka yarda gida biyu. Gidan farko a cire mai gadi kuma a kwashe sauran kamar da. Gida na biyu mai gadi kaɗai, sai in ta kamu. Ba likita ke zaɓa ba, ba maras lafiya ba. Ambulaf ne a liƙe, kowanne da lambarsa, ana buɗewa bi da bi yadda sunaye suka shiga rajista. Ni aka damƙa wa rajistar da ambulaf ɗin, saboda ina jin Hausa da Jula da Faransanci, kuma ni ke yi wa mata bayani kafin su dangwala.

Ana haka sai ga Inna Kande. Aminiyar mahaifiyata ce, ta goya ni, ta yi mini kitso, ta zane ni ma sau biyu. Tun ina rarrafe take toya waina a wani lungu kusa da Adjamé Mairie. Wata shida tana ɓoye ƙullutu a nononta na dama kafin 'yarta ta jawo ta da kuka. Da na yi mata bayanin allurar, har da cewa fitsarinta zai yi shuɗi-shuɗi kwana ɗaya ko biyu, sai ta kwashe da dariya.

"Yau ga ikon Allah! Wato marina kuka buɗe, ni ce turmin zanen?"

Da na zo kan kumburin hannu dariyar ta ɗauke. Ta dubi hannunta na dama ta juya shi.

"Safiya, wa zai sayi wainar da aka juya da hagu?"

Ni kaina ba zan saya ba. Ta dangwala ta tafi.

Ranar Talatar, da safe, mata biyu ke jiran a ba su lamba. Inna ce ta fara isowa, tun asuba ta hawo gbaka, ƙaramar motar haya. Bayanta wata Madam Aya, ɗinki take yi a Belleville. Na shiga ofis na jawo aljihun tebur. Takardar ambulaf ɗin nan ba ta da kauri, kuma rana ta dallo tagar. Wallahi ban fito gida da niyya ba, amma Shaiɗan ba ya neman izinin shiga. Na ɗaga na farko a hasken: kwashe duka. Na ɗaga na biyu: mai gadi kaɗai. Sai wata dabara ta faɗo mini. Ai ba sai na sauya ambulaf ba. In rubuta Madam Aya a farko, Inna a biyu, shi ke nan. Wa zai sani?

Na fito na durƙusa kusa da Inna na yi ƙasa da murya.

"Inna, ki bari wannan matar ta riga ki shiga."

"Don me? Ni na riga ta zuwa."

"Ke dai ki bari. Na san abin da nake yi."

Ta ƙura mini ido, irin kallon da take yi mini ina ƙarama in na lashi sukari. Ban san lokacin da na zayyane mata komai ba. Ta leƙa Madam Aya da ke zaune a ƙarshen benci tana murza yatsunta.

"Ita da ƙafa take ɗinkin?"

"A'a, Inna."

"Kin taɓa ganin yadda muke watanda a unguwa in salla ta zo? Mu haɗu mu sayi sa, a yanka, a kasa nama kashi-kashi. Kowa ya kawo alamarsa, wannan tsinke, wannan ɗan dutse, wannan ganye. Sai a kira wani mai wucewa da bai san alamar kowa ba, ya ɗora a kan kason da ya ga dama. Wani ya samu tsoka, wani ƙashi ya fi yawa, kowa ya ɗauka ba gunaguni. Kin san dalili? Don mai ɗorawa bai leƙa ba. Ranar da ya leƙa, watanda ta mutu a unguwar. Ke aka kira ki ɗora, Safiya, kika leƙa."

"Inna, hannunki nake ji."

"Na sani, Allah ya yi miki albarka. Amma da bakinki kika ce mini wannan gwaji don 'ya'yanmu mata ake yinsa, a gane hanyar da ta fi. In kowace nas ta zaɓa wa innarta, me za a gane? Tashi ki rubuta ni inda na zo. Kuma ki je ki gaya wa mai gidanku takardarsa shara-shara ce."

Na je na buga ƙofar Farfesa. Na riga na ga takardar kora a idona. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge su.

"Kin sauya rajista?"

"A'a, Farfesa."

"Me ya hana ki?"

"Mai waina."

Bai yi dariya ba. Ya rubuta abin da ya faru cikin rahoton gwajin, ya sa na sa hannu. Ya ba da umarni a sake ambulaf ɗin duka, a sa baƙar takardar kabon a ciki don kada haske ya ratsa, a mayar da ajiyarsu wurin mai kula da magunguna. Ni kuwa ya ƙwace mini buɗewa tsawon wata uku, ya bar ni da bayani. Sannan ya fita da kansa ya tsaya gaban Inna, ya ce in fassara masa: tana da ikon fita daga gwajin yanzu, ba wanda zai canza mata fuska, sai dai a waje ma tsohuwar hanyar ce. Inna ta ce a gaya masa ta riga ta ɗora alamarta.

An yi mata aiki, an kwashe hammata. Sakamakon labo ya dawo bayan kwanaki: mai gadi lafiya lau, sauran ma duka lafiya lau. Kun gane? Da ta faɗa gida na biyu, da ba a taɓa su ba. Na shige ɗakin ajiyar kaya na yi kuka kamar an yi mini mutuwa.

Hannun ya kumbura kafin shekara ta zagayo. Ba sosai ba, amma ya isa ya raba ta da tanda. 'Yarta ta karɓi toyi, ita tana zaune a gefe da hannu a kan matashi, tana faɗa in mai ya yi yawa. Ciwon dai bai dawo ba, alhamdu lillahi. Madam Aya kuwa ta koma kan kekenta da hannu lafiya, har yau ba ta san wannan labari ba.

Wata rana na je gaishe da Inna, ina matsa mata hannun, na ce ta yafe mini.

"In yafe miki me? Leƙawar da kika yi, ko fasawar?"

Ta turo mini kwanon waina da hannun hagu, ta ce in yi haƙuri da hagun, yanzu ita ce ma'aikaciya.

"Kasona ne, 'yar nan. Na ɗauka. Ci kafin ta huce."

Ina godiya ga Farfesa da bai kore ni ba, amma godiyata ta fi yawa ga wannan tsohuwa da ko harafi ɗaya ba ta karanta ba. A aikinmu ƙauna ma tana iya sa ka cuci wani, kuma wanda za ka cuta yana zaune a ƙarshen benci bai san komai ba. Bayan wata uku aka mayar mini da buɗe ambulaf. Na buɗe su da yawa har gwajin ya ƙare, kuma duk da kabon ɗin da ke ciki, ban sake buɗe ko ɗaya ba sai na juya wa taga baya.