Littafi na Uku Sai Afrilu

Glenda tana zaune a lungun kantin littattafan Kirista na garinsu, tana rubuta wa jaridar coci sharhin littattafai, sai ga wani dattijo ya shigo. Dogo ne, hannuwansa irin na manomi, maɓallan rigarsa a karkace. Yana ta murza wata 'yar takarda mai rubutun mace.

"Baiwar Allah, littafi na uku na labarin sojan nan nake nema," ya ce wa mai kantin.

"Ai sai Afrilu zai fito, Baba."

"Afrilu? Likita ya ce matata ba za ta kai ba."

Glenda tana kallon zoben aurensa da ya nutse cikin yatsa. Ta raya a ranta, ƙila shekara hamsin yana yi wa irin labaran soyayyar nan dariya, yanzu shi ke karanta mata a bakin gado.

Ya juyo yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Don Allah, wani ya gaya mini ko sojan ya dawo gida. Sauran ni zan ƙirƙira mata."

Glenda ta riga ta karanta na ukun, don masu sharhi ake fara aika wa. Sojan bai dawo ba. Ta kasa ɗaga kai.