Ɗana Yana Cikin Kwano a Abuja

Shekarun da na yi a gidan miji babu haihuwa sun koya mini zafin baki, ban ɓoye ba. Daga ƙarshe muka je wani asibiti a Abuja, aka ciri ƙwayayena huɗu aka haɗa da na maigidana a cikin ɗan kwano. Likita ya ce jikina yana bukatar hutu kafin a mayar mini, in koma gida, za su kira ni. Maigidan soja ne, ya wuce bakin aiki wajen Sakaba. Ni kuma na dawo Rikoto wurin surukata, ga waya a hannu kamar an liƙa mini ita.

Kafin in taho, matar da ke kula da ƙwayayen ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce cikin kowane ƙwai akwai wasu siraran zaruruwa da ido ba ya gani, su ne tsaikonsa, kamar itatuwan da ake ɗaurewa kafin a yi wa ɗaki jinka. Su suke jan kayan gadon halitta gefe biyu, su tsuke tsakiyar ƙwan har ya rabu. Idan suka karkace, rabon ya lalace, ƙwan ya tsaya, babu mai iya sa hannu ya gyara.

Abin haushi, a satin nan ne ake sabunta rufin rumbun gidanmu. Duk inda na juya tsaiko nake gani a tsakar gida, maza suna jan igiya. Sanda ɗaya ta goce, sai gabana ya faɗi.

Kiran farko ya zo da safe: biyu sun tsaya, saura biyu. Na biyu ya same ni a bakin rijiya. Saura ɗaya. Na tsaya da guga a hannu ina kuka, surukata ta taras da ni. Ban taɓa gaya mata abin da muka je yi ba, a wurinsu ba a maganar ciki sai ya fito da kansa. Ranar dai na kwashe komai na faɗa mata.

Ta karɓe gugan. "Daga yau ba ki ɗaukar ruwa. Ba ki daka, ba ki tsallake igiyar can."

"Mama, babu komai a cikina fa. Yana Abuja, cikin kwano."

"Na ji."

Ba ta ji ba. Ta hana ni sunkuyawa, ta hana ni kusantar masu ɗaurin tsaiko, ta dinga dama mini kunu kamar mai wata bakwai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Gani nake tana shirya mini kunya, don in ɗayan nan ya tsaya, da wane ido zan kalli tsohuwar da ta yini tana ɗebo ruwa a madadina? Har tsawa na yi mata, ta share ni.

Da la'asar ana shirin ɗaga rufin wayar ta yi ƙara. Na ɗauka. Matar ta ce ɗayan ya ci gaba da rabuwa, ƙwayoyinsa sun matse juna sun dunƙule, abin da ake nema ke nan. Ta ce kada in saki jiki, da sauran tafiya.

Na miƙe zan ruga in faɗa wa Mama, ashe tana bayana tun ɗazu. Ta dafa kafaɗata ta mayar da ni kan tabarma.

"Zauna a hankali, 'yata," in ji ta. "Shi yana can, na sani. Amma uwarsa a hannuna take."